Ranar da Injiniya Sallau Ya Gane Maganar Surukinsa

Wani mutum ne a Tudun Gawo, garin manoman albasa, ana ce masa Injiniya Sallau. Babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a goshin rumfar da yake cajin waya. Ya taɓa raka motar albasa Legas, to tun daga nan duk wani abu mai aiki da lantarki ya zama ƙaninsa. Ko jirgi ne ya wuce ta sama, sai ya karkata kunne ya ce injin hagu yana neman gyara.

Ana nan wata rana ya kwance bayan firjin matarsa Uwani, wanda take sana'ar ƙanƙara da shi, wai zai ƙara masa sanyi. Firji ya ce fuuu, ya tashi hayaƙi, ya mutu murus. Uwani ta yafa mayafinta ta tafi gidan ubanta, Sarkin Noma Barmo, dattijon da maganarsa gajera ce kuma babu sukari a cikinta. Sallau ya aika biko, aka ce a dakata. Ya sake aikawa, aka ce ya zo da kansa ranar Laraba bayan la'asar a ji ta bakinsa. Kowa ya san ma'anar wannan: ko ya dawo da mata, ko ya ci gaba da cin garau-garau a tasha.

A makon ne wata malamar jami'a, Dakta Baraka, ta iso garin. Bincike take yi a kan yadda mutane ke yarda da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar nan ta waya da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Aikinta ba wuya. Takan kai tambaya ɗaya wurin gwanin gari ya amsa mata a keɓe, ta kuma yi wa na'ura tambayar. Sai ta tara jama'a ta karanta amsoshin biyu da bakinta, ta ce a faɗi wacce ce ta mutum, wacce kuma aka fi yarda da ita. A Tudun Gawo ba sai an tambayi wane ne gwanin albasa ba. An ga motarta a ƙofar gidan Sarkin Noma, an kuma sa taron ranar Laraba da hantsi.

Sallau ya ji haka, ya ce Allah ya kashe ya ba shi. Zai miƙe a gaban jama'a ya gane maganar surukinsa, ya wanke ta tas da yabo, ya yi wa na'ura kaca-kaca. Wane dattijo ne zai hana irin wannan suruki matarsa da la'asar? Abu ɗaya ya rage, ya san wacce ce wacce. Ya buga wa abokinsa Lawwali waya, don malamar ta riga ta yi taro a ƙauyensu.

"Lawwali, matar nan, wacce take fara karantawa?"

"Ta mutum. Ta na'ura ce ta biyu. Amma kai ba injiniya ba ne? Me ya kai ka tambaya?"

"Gwada ka nake yi, sakarai."

Laraba ta zo. Aka cika ƙofar gidan Mai Unguwa maƙil. Sarkin Noma yana kan buzu a gefe, an roƙe shi kada ya ce komai sai an gama, roƙon da bai zame masa wahala ba. Sallau ya iso da farin gilashi da abin gwada wuta a aljihun gaba, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida suruki, sannan ya juya ga baƙuwa.

"Dakta, da kin neme ni tun farko da kin huta. Ni na'ura ko tari ta yi na san ta. Mun zauna da su a Legas."

"Madalla," in ji Dakta Baraka. "Irinku nake nema."

Tambayar ita ce, manomi ya ajiye albasa tana ruɓewa, me zai yi? Dakta ta karanta amsa ta farko. Amsar ta fara da yi wa manomi sannu da ƙoƙari, ta jajanta masa asara, ta ce ya ware ruɓaɓɓun, ya shimfiɗa sauran inda iska ke ratsawa, kada ya tula su da yawa, in abin ya ci gaba ya nemi malamin gona. Ta rufe da fatan Allah ya sa albarka.

Kawuna suka yi ta gyaɗawa. Mutum dai in an yi masa sannu, rabin hankalinsa ya riga ya miƙa wuya.

Ta karanta ta biyu. "Laifinka ne. Ka ɗura mata taki, ka yi ta ba ta ruwa har ranar cira don ta zama ƙatuwa a ce kai ne. Albasar da ta kumbura da ruwa ba ta ajiyuwa. Baɗi ka yanke mata ruwa kafin ka cire. Ta bana kuwa, zubar."

Sallau ya miƙe zumbur. Ga abin da Lawwali ya faɗa, ga kuma kunnensa ya tabbatar.

"Jama'a, wannan ai ba ta bukatar dogon nazari! Ta farkon nan, wallahi ina jin ƙamshin fadama a cikinta. Ku ji ladabi! Ku ji tausayin talaka! Wannan bakin dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau. Ba zan kama suna ba, kunya ta hana, amma ko cikin barci aka karanta mini na san bakin da ya haifi matata."

"To ta biyun fa, Injiniya?" in ji Dakta, tana rubutu ba ta ko ɗago kai ba.

"Ta biyu? Taf! Ƙarfe ne tsagwaronsa. Ba sallama, ba sannu, sai zagi. Mutum ya yi asara ka ce masa laifinsa ne? Wannan abin bai sha nonon uwa ba, ba a yi masa tarbiyya ba. Kuma ƙarya yake yi! Wanda ya faɗi wannan bai taɓa riƙe fartanya ba, albasa ma a cikin miya kawai ya san ta."

Mai Unguwa ya yi gyaran murya. "Injiniya, a dai bi a hankali."

"Ranka ya daɗe, bar ni da shi! Na'ura ce, ba ta jin zafi. Ai da mutum ne ya faɗi wannan shirme, da sai a ce tsufa ya fara taɓa masa kai, a kama hannunsa a kai shi inuwa a ba shi kunu."

Aka bushe da dariya. Da Dakta ta ce a ɗaga hannu, galibin jama'a suka bi Sallau, don mai gilashi da ƙarfin murya ba ya rasa mabiya. 'Yan tsofaffin da suka daɗe suna shan baƙar magana a bakin Sarkin Noma kuwa suka sunkuyar da kai, suna wasa da ƙasa.

Dakta ta rufe biro.

"Na gode. Kowane gari na je nakan sauya jerin, saboda labari yana riga ni isa. Yau amsa ta farko ita ce ta na'ura. Ta biyu ta Baba Sarkin Noma ce, kalma da kalma."

Jama'a duka suka juyo suna kallon Sallau.

Sallau ya cire gilashi, ya mayar, ya sake cirewa. Ya zube ƙasa rim, gumi sharkaf.

"Baba... ai wato... ita ma ta biyun, in aka duba ta da kyau, akwai hikima a..."

Sarkin Noma bai dube shi ba. Dattijo ba ya sa-in-sa da mijin 'yarsa a bainar jama'a. Ya karkaɗe buzunsa a natse, ya saɓa a kafaɗa, ya juya wajen Mai Unguwa.

"Mai Unguwa, gaya wa yaron nan kada ya wahalar da ƙafarsa zuwa gidana da la'asar. Ni za a kai ni inuwa in sha kunu." Ya nuna wayar da ke hannun Dakta da sandarsa. "Ga surukinsa nan mai ladabi. Ya roƙe shi ya ba shi matarsa."

Dakta Baraka ta miƙo wa Sallau wayar da hannu biyu.

"Bismillah, Injiniya. A kunne take."