Ranar da Na Tsige Kaina Daga Shugabancin Kamfanina

Ko zan manta shekarar haihuwata, ba zan manta Asabar ɗin da na kira babban taron kamfani a falona ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, na faɗa harkar citta kamar kowa a wajenmu. In bi ƙauyuka in sayi busasshiya, in tara a sito a nan Kafanchan, in jira masu manyan motoci. Sai masu fitar da kaya waje suka zo da sabon salo: ba sa ciniki da mutum a kan kansa, sai da kamfani mai rajista. Da can kuwa sai kun kai ku biyu kafin a yi muku kamfani, ni kuma ko akuya ban taɓa haɗawa da kowa ba. Da aka ce sabuwar doka ta yarda mutum ɗaya tilo ya kafa nasa, na ce wannan don ni aka yi ta. Na yi rajista, takarda ta fito. Ni ne darakta, ni ne mai hannun jari, ni ne komai. Na sa ta a firam na rataye a saman hoton aurenmu (Maman Rahila, matata, ba ta yafe mini wannan ba har gobe).

Shekara ta zagayo. Wata Lahadi bayan sujada, abokina Dogara, tsohon akawun ƙaramar hukuma, ya ja ni gindin mangwaro.

"Malam, ka yi mitin na shekara?"

"Wane mitin?"

"Kai! Kamfani da bai yi babban mitin ba, gwamnati zai kulle shi. Darakta kuma..." Ya haɗa hannuwa kamar wanda aka sa wa ankwa.

Na ce ai ni kaɗai ne a kamfanin.

"Doka bai san wannan ba. Ciyaman ya zauna, sakatare ya rubuta, mai hannun jari ya yi tambaya. Haka yake tun zamanin Turawa."

Abin haushin shi ne, Ishaku, saurayin da ke neman 'yata Rahila, lauya ne. Tambaya ɗaya da ta raba gardama. Amma yaya za a yi ni da na koyar da rabin garin nan in nuna wa surukin gobe akwai abin da ban sani ba? Na ce zan yi abina a ɓoye.

Ran Asabar da hantsi Maman Rahila ta ci ado ta fita da Rahila. Ta faɗi wani abu game da tasha da baƙi, na ce to, to, hankalina na wani wuri. Tun asuba ake girki a gidan ƙanwarta, ni na ɗauka na zumuntar mata ne. (Dangin Ishaku sun ce za su zo gaisuwa Asabar mai zuwa. A lissafina, mai zuwa ita ce ta gaba. A lissafin kowa da kowa, ita ce wannan.)

Na jera kujeru uku. Don kada in rikice, na ware wa kowa alama: hula ta ciyaman, tabarau na sakatare, malafar gona ta mai hannun jari. Na ɗauko muciya daga kicin don buga tebur. Na ajiye wa kowa kwalbar lemo, don ba a kiran mutane taro a bar su da ƙishi. Na jingina waya tana ɗaukar bidiyo, shaida ko da gwamnati za ta tambaya.

Da farko komai lafiya. Ciyaman ya buɗe da addu'a, na zagaya sauran kujerun na ce amin. Sakatare ya tabbatar kowa ya hallara. Ciyaman ya yi jawabi mai daɗi, ya yabi kansa, ya ɗora laifin ƙarancin riba a kan ruɓewar citta da tsadar mota.

Matsalar ta fara ne da na sa malafa.

Ban san me ke cikin malafar nan ba. Ina zama a kujerar mai hannun jari na ji raina ya ɓaci da jawabin da na gama yi.

Na ce, "Ciyaman, bar zancen ruɓewar citta. Babur ɗin da ka saya, na kamfani ne ko na yawo?"

Na ruga na sa hula. "Na zirga-zirgar kamfani ne. A zauna."

Malafa. "Farfesun da kake sha kowace ranar kasuwa fa, shi ma zirga-zirga ne?"

Hula. "Wannan karɓar baƙi ne!"

"Wane baƙo? Kai kaɗai kake sha!"

Gaskiya ta yi zafi, domin mutumin nan ya san sirrina duka. Na buga muciya, na ce ba a yi wa kujera rashin kunya. Mai malafa ya miƙe ya ce ya kawo ƙudurin a tsige ciyaman. Sakatare, munafuki, ya goyi baya. Zufa ta jiƙe ni, ina tsalle daga kujera zuwa kujera, har na wayi gari da hula a kai, malafa a kan hula, tabarau a karkace. Na nuna kujerar da ba kowa da muciya, na daka tsawa:

"Sauka, ɓarawo! Ka cuci iyalinka, ka cuci kamfani! Yau sai ka bar gidan nan!"

"Cikin sunan Yesu!"

Ba ni na faɗa ba. Na juya. Ƙofa a buɗe. Ga Rabaran na ikilisiyarmu a gaba, Littafi Mai Tsarki a ɗage. Bayansa Maman Rahila ta ɗora hannu a ka. Bayanta kawun Ishaku, dattijo daga Godogodo, da gwaggonni cikin anko, da shi Ishaku cikin kwat. Rahila ta ɓuya a bayan kowa. Daga baya na ji tun ana zancen farfesu suke tsaye.

Rabaran ya tako a hankali, kamar mai son kama kaza. "Malam, da wa kake magana?"

"Da ciyaman, Rabaran."

"Yana ina?"

"Ni ne."

"Wa ke zaginsa?"

"Ni ne."

Wata gwaggo ta ta da waƙar yaƙi da Shaiɗan, sauran suka amsa da tafi. Rabaran ya dafa kaina, wato ya dafa malafa. "Ku nawa ne a ciki?"

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Ni kuwa malamin makaranta ne, in an yi tambaya sai na amsa. "Mu uku ne, amma duk mutum ɗaya ne."

"Uku cikin ɗaya," in ji Rabaran, "Ubangiji kaɗai muka sani da wannan. Fita!"

Maman Rahila ta fashe da kuka. Na ji kawu yana tambayar na kusa da shi, ba ma a asirce ba, "Wannan abu, yana bin jini ne?" A nan na ga auren 'yata yana shirin komawa Godogodo a cikin motar da ya zo.

Ishaku ne ya cece ni. Ya dubi takardar da ke bango, ya dubi kujeru da kwalaben lemo, sai ya durƙusa, yana danne dariya.

"Baba, taron shekara kuke yi?"

Na ce, "Yauwa! Gaya musu doka ce!"

"Baba, dokar da ta ba ku izinin kafa kamfani ku kaɗai, ita ce kuma ta ɗauke muku wannan taron. Mai hannun jari ɗaya ba sai ya zauna ba. Abin da kuka yanke ku rubuta, ku sa hannu, shi ke nan."

Na sauke malafa, na sauke hula. Muciyar ce na rasa inda zan kai, sai Maman Rahila ta fizge abarta.

Kawu ya gyara zama a kujerar sakatare, ya buɗe lemonsa, ya kurɓa. "To, mun gode Allah ba ciwo ba ne. Amma tun da an tsige ciyaman, a wurin wanne daga cikinku za mu nemi yarinya?"

An yi aure lafiya. Sai dai gwaggonnin nan sun kai labari kasuwa kafin shinkafarsu ta narke, kuma har yau in na shiga layin 'yan citta sai a ce, "Sannunku da zuwa, Malam. Yaya sauran?"

Abin da na koya: doka tana canjawa, abokin da ya yi ritaya ba ya canjawa, saboda haka ka tambayi wanda ya karanta ta bana. In kuma ta kama dole sai ka gaya wa kanka gaskiya, ka tafi can tsakiyar gona, ka yi a hankali.