Yadda Bakina Ya Cinye Garantin Motata

Ranar da na sayi motata ta hannu a Rusaifa, na biya kuɗin ƙarin garantin gyara, abin da muke kira daman a nan Makka. Tun daga ranar na zama mai wa'azi. Duk wanda ya zauna kusa da ni a majalisarmu ta Misfala sai ya sha huɗuba: hawa mota ba daman ganganci ne.

Da azumi na yi ta jigilar masu umara, har giyar motar ta ce ga garinku nan. Ko gezau ban yi ba. Na saka farar jallabiya, na fesa turare, na ja aminina Alhaji Sabo zuwa kamfanin, don ya ga amfanin hangen nesa.

Ma'aikacin da ya tarbe mu ya tambaya cikin fara'a, "Ya shaikh, motar tana shan aiki ne?"

Alhaji Sabo ya taka mini ƙafa. Na janye abata, na gyara murya, na zuba Larabcin makaranta. Na ce ai wannan jaruma ce, dare da rana tana ɗibar fasinja, kuma ko kuɗin mai ba ta taɓa nema a aljihuna ba.

Mutumin ya ce, "Masha Allah! Sai dai daman ɗinmu ba ya shafar motar haya."

Yanzu ko shayi na zubar a majalisa, sai Alhaji Sabo ya dafa ni ya ce, "Kada ka damu, Abu Daman, kamfani zai biya."