Koriyar Motar Malam Barau

A wani gari da ake kira Sai-Turi, kasuwar motoci a kan tudu take, kuma doka ce ba a gwada mota sai a gangare. Magajin garin ne ya kafa dokar. Majalisar Fenti da Kwalliya ta amince, ta ƙara da cewa buɗe bonet a leƙa inji rashin tarbiyya ne, tamkar ɗage wa dattijo riga a bainar jama'a. Shi ya sa a tarihin garin babu motar da ta taɓa faɗuwa gwaji. Mutanen garin kuwa, maza da mata, kowa da faffaɗar kafaɗa.

Malam Barau manomin tumatir ne a fadamar da ke gindin tudun. Yana da wata jar a-kori-kura wadda ba ta tashi sai an tura, in ta tashi kuma ba ta hawa tudu. Da ta hango hawa sai ta yi wani dogon tari, ta yi atishawa, ta mutu. Bara a nan tumatirinsa ya ruɓe a kwanduna bai ga kasuwar birni ba. Bana mai fadamar ya ce masa in aka maimaita, wani zai ba gonar. Ga tumatir ya fara ja, hankalin Barau ya tashi.

Maƙwabta suka taya shi tura motar har kasuwa, ya miƙa ta ga Baushe, Sarkin Dillalai.

"Sarki, a gaya wa mai saye gaskiya," in ji Barau. "Ba ta hawa tudu."

Baushe ya toshe masa baki da hannu. "Haba Malam Barau! Faɗin aibin mota ɓata sunan gari ne, har da tara a kansa. Ai ba ƙin hawa take yi ba, tawali'u gare ta. Ba ta son ɗaukaka kanta."

Aka karɓi motar, aka sallami Barau. Ya koma gida da farin ciki, har yana tausayin duk wanda za ta faɗa hannunsa.

Ranar kasuwa ya dawo neman wata. Baushe ya kai shi gaban wata koriyar a-kori-kura mai sheƙi, maroƙa na kirari, ana raba goro da atamfa ga duk wanda ya tsaya kallo.

"Wannan sabon jini ce," in ji Baushe. "Ita da kanta take kuka da halin tsofaffin motocin garin nan. Ta yi alkawarin tudu ya zama tarihi."

"Ko zan ɗan leƙa injin?" in ji Barau.

Wakilin Kar-a-Buɗe, wanda aikinsa ke nan zama a kan bonet, ya harare shi. Barau ya ji kunya, ya ba da haƙuri. Aka saki motar a gangare, ta zuro kamar an jefo ta, iska ta ɗauke masa hula. Barau ya ce wannan yake so, ya ƙara ɗan abin da ya rage a gida a kan kuɗin tsohuwar motar ya biya.

Washegari aka loda tumatir. Matarsa Azumi ta shiga gaba, ta zauna, ta zabura.

"Malam, wannan wayar kujerar ta san ni. A nan take sukata kullum."

"Ke dai ba kya son ci gaba," in ji shi.

Suna isa gindin tudu motar ta yi dogon tari, ta yi atishawa, ta mutu. Barau ya sauko, ya kankare ƙofa da farce. Ƙarƙashin koren akwai ja. Ya ƙara kankarewa, sai ga shuɗi, launin motar marigayi mahaifinsa.

Ya bar Azumi da kaya ya ruga majalisa. Shugaban majalisar ya saurare shi cikin natsuwa.

"Wadda ka sayar wane launi ce?"

"Ja, ranka ya daɗe."

"Wannan fa?"

"Koriya."

"To ina ƙarar? An tilasta maka? Da yatsanka ka nuna ta, har atamfa aka ba iyalinka."

Aka ci shi tarar kankare fenti, aka kuma yaba masa da kishin gari.

Da ya dawo rana ta take, ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwandunan ƙasa. Barau ya tsaya yana kallon gonarsa tana tsiyaya a kan kwalta, idonsa ya ciko. Maƙwabta suka taru kamar yadda suka saba, kowa ya kafa kafaɗa, aka fara turi. Can tsakiyar hawa, wani mai suna Tanko ya ce yana haki:

"Ka yi haƙuri, Malam. Baɗi ka sayar da ita. An ce za su fito da wata rawaya, ita kam ba irin waɗannan ba ce."

Azumi ta waiwayo ta dubi mijinta, tana jiran ya yi magana. Barau ya share gumi, ya gyara kafaɗa a jikin motar.

"Rawaya?" ya ce a hankali. "Tanko, don Allah in ta fito ka riƙe mini layi."