Nomau da Ƙarar Injin Ban-Ruwa

A Kwarin Ɗorawa, can bakin fadama, akwai gidan Sallau mai albasa. Shi ne babba, sai ƙanensa Nomau da Tabawa matar Nomau, sai wani tsohon injin ban-ruwa da ya fi kowa daraja a gidan in rani ya yi. Nomau magidanci ne har da gemu, ga ƙarfi ga haƙuri. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Mutanen gari na ce masa wawa, amma in aike ya tashi kowa shi yake nema. A shekarar nan Sallau ya zuba duk ƙarfinsa a albasa, ta kuwa yi kyau har ta fara kai. Abincin gidan na shekara yana jikinta, ita kuma ranta yana jikin injin.

Wata rana injin ya tashi da wata baƙuwar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana taɓa kwano da cokali. Sallau ya tsaya ya saurara. Ya ce, "Nomau, zauna nan ka saurare shi. Kada ka motsa sai in ƙarar ta canza." Ya wuce ƙarshen gona gyaran kwalbati. Nomau ya tanƙwashe ƙafa ya kafa kunne. Ruwa ya cika fangali, ya fasa kunya, ya gangara cikin barkonon maƙwabci, ya zagayo ya jiƙa masa wando har ƙugu, bawan Allah ko gezau. Sallau ya dawo da gudu yana salati. Nomau ya ɗago kai da fara'a ya ce, "Kwantar da hankalinka, Yaya, ba ta canza ba."

Wata rana kuma, da ƙarar ta ƙi tafiya, Sallau ya ce, "Je ka wurin Ilu bakanike a bakin titi, ka gaya masa yadda take. Ka riƙe ta da kyau, kada ka manta ta a hanya." Nomau ya saurara ya saurara, ya ɗauki ƙarar a bakinsa, ya kama hanya yana ƙas-ƙas-ƙas. Aka gaishe shi a bakin rijiya bai amsa ba. Ya ratsa taron suna yana yi, tsofaffi suka ce iska ce ta buge shi, har wata ta bi shi da hayaƙin turare. Hanya da nisa, ga rana. Kafin ya isa garejin harshe ya gaji, maƙogwaro ya bushe, ƙarar ta koma gwaf, gwaf, gwaf, mai nauyi. Ilu ya ajiye sifana ya ce, "Haka take yi?" Nomau ya gyaɗa kai, don shi a saninsa bai yar da ita ba. Ilu ya girgiza kai ya ce, "To wannan daga ƙasa ne, ciki ya taɓu. Sai an kai shi birni an farke. A kashe shi, a tabbata ya huce sosai, ina nan zuwa in na sami mota."

Wata rana Tabawa ta nemi maficinta ta rasa, ta nemi sabon zanenta ta rasa. Ta gangara fadama, sai ga zanen an kafa shi rumfa a kan injin, ga mijinta a durƙushe yana ta yi masa fifita, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Injin kuwa tun shekaranjiya yake a kashe. Ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, ni da na kwanta zazzaɓi ko sau ɗaya ba ka yi mini fifita ba." Nomau ya dube ta da mamaki ya ce, "Ai ba ki ce ba." Ta buɗe baki za ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata, ta karɓi maficin ta taya shi kaɗan.

Sallau kam dariya ta ƙare masa. Ganyen albasa ya fara sunkuyawa, bakinsa ya soma ja. Shi da Nomau suka yi ta ɗibar ruwa da bokiti, ƙasa na shanyewa kamar ba a zuba ba. Ya san in injin ya tafi birni, kafin ya dawo gonar ta zama tarihi. Tuwo ma ya daina shiga masa.

Wata rana aka aiko cewa Ilu na tafe da mota. Sallau ya miƙa wa Nomau kwalbar kananzir da tsumma, muryarsa a sanyaye ya ce, "Wanke shi tas, ciki da waje, kada a kai shi cikin mutane da dauɗa." Nomau ya goge waje har yana ƙyalli. Saura ciki. Ya zagaya injin bai ga ƙofa ba, sai wani ɗan murfi a sama. Ya ɗauko sifana ya kwance shi.

Sallau na isowa tare da Ilu, ya ga murfin a buɗe, ya dafe kai ya ce, "Nomau, ka kashe ni! Wa ya ce ka buɗe?"

"Kai ka ce ciki da waje, Yaya. Amma ban gama ba. Ƙarafan nan biyu, ɗaya ya tsaya na wanke shi, ɗayan ya ƙi tsayawa, sai rawa yake kamar haƙorin tsohuwa."

Ilu ya matso ya sa yatsa ya taɓa. Ƙarfen ya ce ƙas. Ya ƙara taɓawa, ya ce ƙas. Sai ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya. Ya ce, "Malam Sallau, ai roka ce, ɗan ƙarfen nan da ke danna bawul. Notinta ne ya saki take bugawa. Cikin injinka lafiya lau. Da na loda shi a mota da na cuce ka." Ya sa sukudireba ya saita ta, ya bar 'yar tazarar da ake bari, ya ɗaure noti, ya mai da murfi. Ja ɗaya injin ya kama, muryarsa sumul.

Ruwa ya faso daga bakin tiyo ya bi fangali. Sallau ya tsaya yana kallon ƙasa na sha, hawaye na bin kumatunsa bai ma share ba. Ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce, "Nomau, Allah ya bar mu tare. Kada ka yi nisa da ni."

Tun daga ranar, ko kasuwa Sallau za shi, ko masallaci, ko zance da baƙi a ƙofar gida, Nomau na manne da kafaɗarsa. Mutane suka yi ta ce masa, "Kai dai ka ce masa ya matsa mana, ai zai matsa." Sallau ya san da haka sarai. Har yau bai ce ba.