Ƙyallayen Motar Hajiya Saliha

Duk faɗin Gazawa babu mai ilimin mota irin Injiniya Abdulmumini Kadi. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma an rubuta da jan fenti a allon da ya kafa bakin garejinsa: Kilinik ɗin Motocin Zamani. Bawan Allah ne da ya yi formasiyo, wato kwas, ta mako biyu cur a Maradi, ya dawo da takardar shaida mai hatimi uku, da farar riga irin ta likita, da gilashin da ba na ciwon ido ba. Sauran makanikai da baƙin mai a farce ake gane su. Injiniya kuwa hannunsa ya fi na ango laushi. Ƴan tasha na kiransa Likitan Ƙarfe a gabansa, in ya ba da baya su ce Mako-Biyu.

Babban makaminsa wata ƴar na'ura ce mai igiya, wadda ake soka wa sababbin motoci ta faɗi ciwonsu. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa gaisuwar rasuwa, rataye a wuya kamar laya.

Ranar kasuwar Cadawa, da hantsi, aka turo masa motar Hajiya Saliha. Tsohuwar bas ce, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba, ta girmi Injiniya da shekaru. Mijinta marigayi Tala ne ya bar mata. Ƙaninsa Musbahu ke tuƙa ta yanzu, mutumin kirki, ya iya sitiyari amma bai taɓa leƙa ƙarƙashin kujera ba. A bayan motar akwai kwandunan tumatir na mata takwas, nomansu na rani gaba ɗaya, an tsinke shi jiya. In bai isa kasuwa kafin azahar ba, masu saye sun loda sun tafi, rana kuma ta mayar da shi miya.

Aka ɗaga kujera. Ga tiyo nan birjik, manya da ƙanana, masu kai isansi, wato fetur, da masu zuƙar iska, kowanne an ɗaure masa ƙyallen atamfa kusa da baki. Tala bai yi lakol ba, bai iya rubutun boko ba. Yadda mata ke ɗaura wa buhunansu ƙyalle a injin niƙa don kada a yi musanya, haka ya yi wa tiyon motarsa.

"Injiniya," in ji Hajiya, "wancan mai koren ƙyalle ne ya tsage a baki. Marigayi yanke wurin yake yi, ya mayar."

Injiniya ya sauke gilashi ya dube ta. Ya dubi jama'ar da suka fara taruwa, don shi ba ya buɗe baki sai mutane sun kai goma.

"Madam, nan kilinik ne. Maras lafiya ba ya gaya wa likita magani. Wannan da kuke gani, ƴan'uwa, shi ne abin da ya hana mu ci gaba. Inji na Turawa, an yi masa ado kamar amarya. Wa ya taɓa ganin zane a littafin makanikanci?"

Ya zura safar hannu, ya ɗauki almakashi, ya bi ƙyallayen nan ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa a yashi. Hajiya ta ji abin har cikin ranta, amma ta ƙyale shi. A tunaninta mai takarda ya san abin da ba ta sani ba.

Sannan aka zo babban aiki. Injiniya ya ciro na'urar wuya, ya shiga neman ramin da zai soka ta. Ya duba ƙarƙashin sitiyari. Ya duba bayan rediyo. Ya kwanta, bayan ya shimfiɗa kwali don rigar, ya duba gindin kujera. Motar da aka ƙera tun ba a haifi na'urar ba, ina za ta samu ramin? Ya miƙe ya sanar da jama'a cewa motar ta ƙi ba da haɗin kai, saboda haka sai tiyata.

Tiyatar ita ce ya tsige tiyon duka a lokaci guda, ya jera su a kan tebur daga dogo zuwa gajere. Jerin ya yi kyau, wallahi, har ya ɗauke shi hoto da salula. Da ya juyo wajen injin sai ya tarar da bakuna goma sha huɗu sun buɗe suna kallonsa, kowanne kama da ɗan'uwansa. Gumi ya fara tsattsafo masa. Ya ce zafin tunani ne.

Rana ta ɗaga. Ruwan tumatir ya soma ɗiga ta ƙofar baya, ƙuda suka samu labari. Matan masu tumatir, da ke zaune a inuwar bishiyar bedi, suka taso suna leƙen kwandunansu.

"A kimiyyance," in ji Injiniya, "mai da iska duk hanya mafi kusa suke so. Marigayi, Allah ya ji ƙansa, ya yi ta zagaye da su kamar makiyayi mai gudun gona. Ni zan miƙe musu hanya."

Ya miƙe musu kuwa. Tiyon isansi, wanda Tala ya zagaya da shi nesa da zafi, ya ɗora shi sak a kan bututun hayaƙi. Babban tiyon iska, wanda ke ba birki ƙarfi, ya liƙa shi a wani baki da ba ya zuƙar komai, don kawai ya shiga daidai. Guda ɗaya ya yi saura. Ya ce wannan dama ƙari ne, ya sa a aljihu.

Abin mamaki, motar ta tashi. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta tofar da baƙin hayaƙi har mai shayi ya rufe butarsa. Injiniya ya hana Musbahu hawa, ya ce likita ke gwada aikinsa. Ya zagaya fili yana ɗaga wa jama'a hannu. Da ya nufo gareji ya taka birki, birki ya zama dutse. Ƙafar da ta saba da takalmi mai tsini ba ta iya masa ba. A hankali, cikin natsuwa, tsohuwar ta je ta rungumi allon Kilinik ɗin Motocin Zamani, ta kwantar da shi ƙasa. Injiniya ya yi tsalle ya fita, ƙusar allon ta kama farar rigar ta raba ta gida biyu. Ƙaurin roba ya cika wurin, Musbahu ya yi wuf ya kashe inji.

Hajiya Saliha ta ɗaure gyalenta a ƙugu. Ta tsince ƙyallayenta daga yashi, ta karkaɗe. Shekara ashirin ita ke riƙe wa Tala kujerar nan a ɗage in yana gyara, tun da maƙalinta ya karye, yana yi yana faɗa tana ji. Ta cire tiyon duka. Ta riƙa shinshinawa: mai warin isansi gefe guda, maras wari gefe guda. Kowanne kuma shekaru sun lanƙwasa shi daidai hanyarsa, da ta kara sai ya kwanta.

"Zanen sunan ƴarmu Munira, daga tanki zuwa famfo," tana faɗa tana ɗaurewa. "Na Sallar da aka yi ruwa, daga famfo zuwa karbirato. Injiniya, miƙo na aljihunka."

Ya miƙo. Ta yanke bakin wanda ya tsage, wato babban tiyon birki, da wuƙar albasa, ta mayar. Sai aka nemi koren ƙyallensa aka rasa, akuya ta riga ta yi gaba da shi. Hajiya ta duba hagu ta duba dama, ta ga rabin farar riga na lilo a ƙusa. Ta yage ɗan tsawon yatsa biyu, ta ɗaura.

Musbahu ya murza makulli, injin ya ɗauka lafiya lau. Injiniya ya gyara gilashi ya shaida wa jama'a cewa wannan shi ne tsarin launi na Jamus, kuma dama matakin da zai ɗauka ke nan aka katse shi. Babu wanda ya ji ƙarshen jawabin, don matan sun riga sun hau. Sun isa Cadawa ana shirin kiran sallar azahar, kwando biyu na ƙasa ne kawai suka zama na miya.

Har yau in aka ɗaga kujerar motar nan za a ga farin ƙyalle a kan tiyon birki. Hajiya ta sa shi cikin karatunta: "Rigar Injiniya, daga inji zuwa birki." Masu yi masa ƙazafi su ji tsoron Allah su daina cewa bai taɓa amfanar mota ba. Ga yatsa biyu na rigarsa can suna aiki kullum.