Ranar da Na Kori Jirgin Sama daga Garinmu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Talata ba, a shekarun tsuke bakin aljihu. An rage ma'aikata a gidan rediyon da nake fassara labaran duniya, na tattaro komatsaina na koma ƙauyenmu, kusa da Kunci. Ba gona, ba aiki, amma ina da bayani.

A lokacin wasu ƙasashe biyu suna cacar baka. Ɗaya tana zargin jiragen yaƙin ɗayar da shawagi a kan jiragen ruwanta na 'yan kasuwa suna ɗaukar hoto, ita kuwa ta ce sintiri ne kawai. Kullum bayan la'asar nakan zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa ina warware wa jama'a: jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa, ya zagaya, ya duba tuta. Wanda aka duba tutarsa, jakadu su yi ta musu a kansa, wani lokacin a daina jin ɗuriyarsa. (Ban taɓa ganin teku ba.)

Damuwar garin daban ce. Bayan fari biyu a jere, gero ya yi kyau, sai tsuntsayen jan-baki suka sauka a ƙayar fadama. Na ga an kafa dogayen gora da fararen ƙyallaye a wajen, amma ban tambayi dalili ba. Ni ake tambaya.

Ranar muna zaune sai tsuntsayen nan, da ba sa rufe baki tun asuba, suka yi tsit. Masu kaɗa gwangwani a gonaki suka tsaya. Ko akuya ba ta yi kuka ba. Wani gurnani ya taso daga arewa, ka ji shi a ƙirji kafin kunne. Jirgi ne ruwan toka, ban hango rubutu a jikinsa ba. Inuwarsa ta bi ta kan geron a hankali, ta tsallake masallaci, ta juyo. Ya zagaya sau ɗaya. Ya sake.

Duk idanu suka dawo kaina. Na gyara murya.

"Tuta yake dubawa," na ce. "A sauke ƙyallayen nan yanzu."

Mai Unguwa ya ce, "Ɗana, ai malamin gona ya ce mana..."

"Baba, malamin gona taki ya karanta. Wannan harkar ƙasa da ƙasa ce."

Da gudu aka je aka tumɓuke gorar duka. Jirgin ya yi zagaye na uku, kamar mai neman wanda zai gaisar, ya miƙe arewa. Har wani ya kira ni da Jakada. Na karɓa.

Washegari da hantsi malamin gona ya iso a kan keke, gumi sharkaf.

"Baba, ina alamar da na ce a kafa? Wata guda ina roƙon jirgin feshin nan! Matuƙin ya ce ya zagaya har sau uku, yana shirin saukowa ya fesa wa tsuntsayen fadamar magani sai ya ga ana cire ƙyallaye, ya ɗauka ba ku yarda ba. Man tafiya ɗaya aka ba shi."

Mai Unguwa bai ɗaga murya ba. Ya nuna ni da sandarsa. "Tambayi Jakada."

Wata tsohuwa, Inna Hanne, ta leƙo daga zaure ta miƙo mini gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. "Ungo, ɗan nan. Tunda ka iya korar abu mai fiffike, ga sauran can."

Sati uku na yi a bakin fadama, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ina kaɗawa ina ihu. Abin da muka tsirar bai kai rabi ba, kuma a cikinsa aka riƙa aiko mini da fura, ba wanda ya goranta mini. Wannan ya fi zagi ciwo.

Tun daga nan, idan tsoho ya fara da "ai an ce mana", nakan rufe bakina har ya kai aya.