Ƙasar Ranar Laraba

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba, a tsakar gidan Ustaza Nafisa, ranar da na so ƙasa ta tsage in shige. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Abin haushin kuma babu wanda zan ɗora wa laifi. Ni na jawo wa kaina, da hannuna, da wani jadawali da na rubuta da jan biro na manna a ƙofar ɗaki.

A shekarar da aka rufe makarantu ne a Gadarif, nan gabashin Sudan. Mutanen da yaƙi ya koro daga Khartoum aka sauke su a ajujuwa, bencina suka zama gadaje, yaranmu kuma suka dawo gida suka zauna mana a ka. 'Yata Safiya tana da shekara goma sha ɗaya, ta gama aji biyar, saura ajin jarrabawa. Babanta yana gona a Ƙala'at an-Nahal wajen riɗi da dawa, sai ya yi wata bai leƙo ba. Ranar da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Ke dai kar ki bari karatun yarinyar nan ya zube." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. (Ni da na tsaya a aji takwas, shi ma da ƙyar, ni ce nake kwantar wa mutum da hankali.)

Matsalar ba rashin littafi ba ce, littattafan ne suka yi yawa. Kowane hantsi mukan haɗu mu huɗu shan jabana, gahawarmu mai citta, kuma tun da aka rufe makarantu hirarmu ta koma ta manhaja. Kowacce tana koyar da 'ya'yanta a gida, kowacce kuma ta rantse tata ce ta gaskiya.

Hajja Zainaba ita ce babbarmu. Ta ce, "Wallahi ya bitti, 'yata, tsohuwar manhajarmu ita ce karatu. Da ita 'ya'yana suka zama mutane. Littattafan suna nan cikin akwati, ko gara ba ta taɓa su ba."

Su'ad, wadda ta zo daga Khartoum ta kama haya kusa da mu, ta girgiza kai. "La, la, ya Hajja, zamani ya wuce nan. Manhajar Masar ake yi yanzu. Ƙanwata tana turo mini ita a waya daga Alƙahira, in kai kasuwa a buga mini a takarda. Yara suna ganewa kamar ruwa."

Rakiya kuwa, matar wani dillalin hatsi, sai da ta bari suka gama sannan ta ciro wasu littattafai masu hotuna kala-kala daga jaka. Wani ɗan'uwan mijinta ne ya aiko da su daga Kano. Da Turanci suke, amma akwai bidiyo a waya, wani malami yana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce, "Duk wadda ba ta ba ɗanta Turanci yau ba, gobe ita za ta yi kuka."

Ni kuma ga halina: duk wadda ta yi magana a ƙarshe, ita ke da gaskiya a wurina. In na baro wurin Hajja sai in ji babu kamar tsohon littafi. In Su'ad ta tare ni a hanya sai in ji na cuci 'yata da ban ba ta na Masar ba. Na yi kwana uku kaina yana juyawa, sai dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka babu mai wayo irina a duk unguwar. Me zai sa in zaɓa? Na karɓo duka ukun. Lahadi da Litinin littattafan Hajja, Talata na Masar, Laraba na Kano, Alhamis bita. Na ja layi da rula, na manna a ƙofa, na tsaya ina kallon abina ina jin daɗi.

Lissafi bai ba mu wahala ba, biyu da biyu huɗu ne ko a wane littafi. Larabci ma ya tafi daidai. Ranar Laraba kuwa hutuna ce, don Turancina bai wuce gaisuwa ba. Sai in kunna mata malamin nan a waya in shiga aikina, ina jiyo Hausarsa daga madafa ina cewa a raina, ai wannan namu ne, ba zai koya mata shirme ba.

Safiya yarinya ce mai hadda. Abin da ta gani sau biyu ya zauna. Kuma tsakani da Allah ta yi ƙoƙarin ankarar da ni. Wata Talata ina tsugune ina yin kisra, wainarmu ta dawa mai faɗi, hayaƙi ya cika mini ido, ta zo ta tsaya a kaina da takarda a hannu.

"Yumma, jiya littafi ya ce babban birnin ƙasarmu Khartoum. Yau wannan ya ce Alƙahira."

"To?"

"To wanne ne?"

Kisrar tana ƙonewa, ƙaninta yana kuka a ɗaki, ni kuma ba na son yarinya ta gane uwarta ba ta yi tunanin wannan ba. Ban ko ɗago ba na ce, "Kowane littafi da ranarsa. Abin da littafin ranar ya ce, shi za ki riƙe. Kar ki dame ni da musu."

Ta ce to, ta juya. (Da ma a ce ta yi mini gardama. Amma ina, na riga na yi mata tarbiyyar da ba ta mayar wa babba magana.)

Mun yi wata uku a haka. Sai labari ya zo cewa Ustaza Nafisa, tsohuwar shugabar makarantar mata da ta yi ritaya, za ta buɗe aji a gidanta, ƙarƙashin rumfa, don yaran da za su zauna jarrabawa in an buɗe. Yara goma sha biyu kawai za ta ɗauka, kuma sai ta gwada kowa da bakinta. Duk uwa ta san abin da wannan yake nufi. Wadda ta shiga hannun Ustaza ta tsira da shekararta, wadda ba ta shiga ba sai ta maimaita aji. Safiya ta ƙwallafa rai, har ta wanke farin mayafinta tun saura kwana biyu.

Ni kuwa na shiga unguwa da baki. Duk wadda ta tambaye ni ko mun shirya sai in ce, "Mu? Ai 'yata manhaja uku take sha. Sai dai Ustaza ta shirya." Na faɗi haka a wurin ɗiban ruwa, na faɗa a gidan suna, na faɗa wa mai tumatir da bai tambaye ni ba.

Ranar gwaji ta faɗo Laraba. Ko a jikina.

Muka je da safe, iyaye mata muka jeru a tabarmi gefe guda, Hausawa da Larabawa da sauran ƙabilun unguwa, kowacce ta gyara zaman tobin da ta lulluɓa da shi. Hajja Zainaba da Su'ad da Rakiya duk suna nan. Ustaza tana kan kujera da tabarau a kan hanci. Ita ta koyar da ni a aji huɗu, kuma har yau in ta kalle ni sai in ji kamar ban yanke farce ba.

Aka kira Safiya. Lissafi, ta amsa kafin a rufe baki. Karatun Larabci, ta zuba ba tuntuɓe. Na fara waige-waige ina neman idon da zan haɗa da shi.

Sai Ustaza ta ce, "Kwayyis, ya yi kyau. To faɗa mini, mene ne babban birnin ƙasarmu?"

Safiya ta ɗaga kai sama kamar mai ƙirga wani abu, sannan cikin ladabi ta ce, "Ustaza, yau Laraba ce ko?"

Ustaza ta sauke tabarau. "Laraba ce. Me ya haɗa?"

"To Abuja."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Wallahi har na juya in ga ko wata yarinyar ce ta amsa daga baya. Ustaza ta sake tambaya a hankali, "Kuɗin ƙasarmu fa?"

"Naira."

"Babban koginmu?"

"Neja da Binuwai."

Sai can daga baya wata mata, wadda ban ma san sunanta ba, ta ce da ta kusa da ita, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ai dama. Su a gida abin da suke koya musu ke nan."

Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Kakannin kakanninmu ne suka taso daga yamma, ƙasar Hausa, za su Makka, suka tsaya nan suka sare daji suka yi gona. Nan aka haifi kakata, nan aka binne ta. Amma har gobe in gardama ta haɗa ka da wani a layin burodi, sai ya ce maka ka koma ƙasarku. Ni da kaina na taɓa cire takalmi a mota zan daki wata mata kan wannan kalmar. Yau ga 'yata, da farin mayafinta, a gaban unguwa, tana ba su shaida da bakinta.

Na miƙe zan yi bayani, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ustaza, ba haka ba ne, jadawali ne. Ai da jiya kika tambaye ta…"

"Da jiya na tambaye ta fa?"

Safiya ta taimake ni. "Da jiya ne Alƙahira."

Nan dariya ta ɓarke. Su'ad ta rufe fuska da tobi. Rakiya tana ta cewa ita dai Turanci ta ce a koya, ba ta ce a canza ƙasa ba. Hajja Zainaba kuwa ta gyara zama ta ce, "Na faɗa muku. A tambaye ta na littafina a gani."

Ustaza ta miƙa wa Safiya alli ta ce ta zana mata ƙasar ranar Lahadi. Na ce a raina alhamdulillahi, ga mafita ta zo. Yarinya ta zana taswira mai kyau, ta sa Khartoum a inda Nilu biyu suka haɗu, ta sa Gadarif a gabas, sannan ta ci gaba da jan layi ƙasa, ƙasa, har ta kai Juba ta wuce. Taswirar kafin a raba ƙasa ce, kafin Kudu ta ɓalle, tun ba a haifi Safiya ba. Littattafan Hajja gara ba ta taɓa su ba, gaskiya ne, amma labari ma bai taɓa su ba.

Ustaza ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta juyo gare ni, ta kira ni da sunan da take kirana a aji huɗu, ta ce, "Ƙasa uku kika ba yarinyar nan, kuma babu ko ɗaya da muke zaune a cikinta yau."

Ba a sa Safiya cikin goma sha biyun ba. Abin da Ustaza ta yarda da shi, za ta zauna a gefen rumfa a kan gwangwani ta yi wata guda tana sauraro, in kanta ya warware a ba ta benci. Da sharaɗi ɗaya: in kwaso littattafan nan duka, har da jadawalin, in kawo mata ta kulle a kabad. Na ce to, kamar yadda nake ce mata tun ina yarinya.

Muka kamo hanyar gida ni da Safiya. Ina jira ta yi kuka ko ta ce ni na jawo mata, don da ta faɗa ma da na ji sauƙi. Sai da muka kusa kwanar gidanmu ta ja gefen tobina.

"Yumma, to mu 'yan ina ne?"

Ba da tsiwa ta tambaya ba. Da gaske take, so take ta sani, don wata uku tana haddace amsa uku babu wanda ya gaya mata wacce ce tata. Nan ne kunyar matan unguwa ta fita daga raina, wata ta shigo wadda ta fi ta ciwo. Na tsaya a tsakiyar hanya na nuna mata ƙofar gidanmu, na nuna mata hanyar kasuwar dawa inda kakanta ya yi dako har ya tsufa, na nuna mata bangon maƙabarta.

Na ce, "'Yan nan ne. Nan ɗin nan da kike tsaye."

Ta yi ɗan tunani. "Kullum?"

"Kullum."

"Har ranar Laraba?"

Na ce har ranar Laraba, na juyar da kai kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Ta samu bencinta bayan sati uku, ba da taimakona ba. Ni dai abin da na koya, kuma kyauta nake ba duk uwar da ta ɗauki alli a gida: in maƙwabciya ta miƙo miki littafi tana rantsuwa babu kamarsa, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya. Amma kafin ki zaunar da yaro a gabansa, ki buɗe shafin taswira tukuna, ki duba ko gidanku yana ciki.